Ranar da Aka Bi Maganar Kawu Mai Fanka

Jawo kujera ka zauna. A'a, ba waccan ba, ƙafarta ɗaya ta gaji da duniya, ɗauki wadda ke jikin bango. Yauwa. Kife wayarka a cinya ka ara mini kunne, in ba ka labarin kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda duk layinmu ke kira Mai Fanka.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai wanki da guga da mai sayar da katifa. In ka leƙa ciki, fankoki ne ko'ina: na tsaye, na tebur, na rataye a sama, wasu ba kai, wasu ba fukafukai, wasu an tuɓe su tsirara suna jiran a naɗa musu sabuwar waya. Noti da kusa suna cikin gwangwanayen madara, sukundireba kuma kullum tana maƙale a bayan kunnensa, har wani lokaci ya kwana da ita bai sani ba. Hannun Kawu, wallahi, ba a magana. Fankar da ta mutu tun kafin a haife ka, in ya taɓa ta sai ta tashi tana juyi kamar ba ta taɓa ciwo ba.

Matsalar tana bakinsa.

Kawu bai taɓa faɗin abin da zai faru ya faru ba. Ba ƙarya yake yi ba, kada ka ɗauki alhakinsa. Da zuciya ɗaya yake magana. In ya fito da safe ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Yau kam rana za ta buɗe," sai ka ga matan layi suna rige-rigen kwashe shanya. In ya ce sabon shagon da aka buɗe a bakin titi zai yi kasuwa, masu shi su fara neman wanda zai sayi kantocin. Da wayar hannu ta fito cewa ya yi yayi ne, kafin baɗi an manta da ita. Masu kawo masa gyara kuwa sun san ƙa'ida. Suna karɓar fankarsu za su ce, "Mun gode, Mai Fanka, kada ka ce komai." Domin akwai wani bawan Allah da bai san dawan garin ba, ya tsaya har Kawu ya shafa fankar ya ce, "Wannan sai jikokinka sun gaje ta." Bai kai gida da ita ba, ta zame daga bayan babur, mota ta bi ta kai.

Kuma kullum yana da bayani. In ruwa ya tsuge bayan ya ce rana za ta buɗe, sai ya ce, "Ai wannan ba ruwanmu ba ne, na wani wuri ne iska ta koro." Ba ka kayar da shi a musu.

Matarsa tela ce, kekenta na cikin falo kusa da taga, kowa Mama Tela yake ce mata. Ita ta fi kowa cin moriyar bakin nan. In za ta sayi yadi, sai ta shimfiɗa masa kala biyu ta ce, "Malam, wanne mata za su so?" Ya nuna ɗaya da gaba gaɗi, ta naɗe shi ta mayar wa mai shago, ta ɗauki ɗayan. An ce ma auren nasu haka ya samo asali. Yana saurayi ya hango ta tana wucewa, ya ce wa abokinsa, "Wannan ko kallona ba za ta taɓa yi ba." Ga su nan har da jikoki.

'Ya'yansu mata duk sun yi aure sun watse, saura autan, namiji, wanda ake kira Kifi saboda in ya kafa wa allon kwamfuta ido ba ya ƙyaftawa. Tun yana ƙarami ya maƙale wa wasan kwamfuta. Wata rana Kawu ya tsaya a kansa, ya riƙe ƙugu, ya ce, "Wannan danne-dannen ba zai taɓa ciyar da ko kyanwa ba." Mama Tela na jin haka ta ajiye almakashi, ta je ta saya wa yaron kujera mai taushi.

To, ka san sauran. Kifi ya girma ya zama ɗan wasa na sana'a. In ba ka san harkar ba, ga yadda take: samari biyar ne a jere, kowa da kwamfutarsa da abin ji a kunne, suna faɗa da wasu biyar a cikin allo, kowane ɓangare na neman rushe gidan ɗaya. Ana biyansu albashi, suna da rigar ƙungiya da gidan atisaye, jama'a na taruwa a kalle su ana ihu kamar filin ƙwallo. Har koci gare su. Ƙungiyar su Kifi sunanta Tartsatsi, amma a shekarar da nake ba ka labari tartsatsin ya zama toka. Duk wanda suka haɗu da shi sai ya rushe musu gida ya share ƙafa ya wuce. Kocinsu na da, wani mai ƙaton wuya da ba ya magana sai da tsawa, aka sallame shi. Aka kawo sabo, siriri, mai sanyin murya, kullum da silifas a ƙafa da filas ɗin ruwan zafi a hammata. Kafin ya kwana biyu samarin sun raɗa masa Silifas.

A satin nan kuma aka yi wa Kifi tayi daga wata ƙungiya mai nisa, irin nisan da sai ka hau jirgi ka sauka ka sake hawa wani. Suka ce ya ba su amsa kafin sati ya fita. In Silifas zai gyara Tartsatsi, zama a gida ya fi. In ba zai gyara ba, Kifi zai ƙare ƙuruciyarsa ana rushe masa gida, kuma a sana'ar nan yatsu ba sa jiran mutum ya tsufa. Masu sharhi a intanet suka rabu biyu. Wasu suka ce mutumin ƙwaro ne, wasu suka ce wa ya taɓa ganin koci da filas. Kifi ya karanta har kansa ya yi zafi.

Sai ya sami uwarsa a gindin keke ya rage murya. "Mama, na samo mafita. Baba zan kai ya ga kocin nan. In ya yabe shi, na tattara kayana. In ya kushe shi, na zauna."

Mama Tela ta ci gaba da taka keke kamar ba ta ji ba, amma ɗinkin ya karkace har ta haɗe hannun riga da wuyanta. Ita dai ba ta son autanta ya tafi. Gidan da ya taɓa cika da hayaniya yanzu daga ita sai tsohon nan da fankokinsa, in Kifi ya tafi wa zai riƙa buɗe mata firij ba dalili?

Kifi ya je shago ya durƙusa. "Baba, an kawo mana sabon koci, kuma ka san ba wanda ya kai ka sanin mutane. Ina so ka zo ka duba mana shi."

Kawu ya gyara zama, ya yi gyaran murya. "Yanzu ka yi hankali. Da tun farko ana tambayata, da ba ku kai haka ba."

Washegari ya saka rigarsa ta zuwa unguwa, ya ɗauki jakar kayan aiki, don a cewarsa ba gidan da ba fanka mai ciwo.

Gidan atisayen dogon ɗaki ne, labule a rufe, fitilu shuɗaye, kujeru manya kamar na direban jirgi, wayoyi a ƙasa kamar an zubar da taliya. Samarin na ganin wanda ya shigo suka miƙe tsaye. Sun san shi, ai labarinsa ya riga shi zuwa. Akwai ɗaya a cikinsu, Barkono, gajere mai saurin fushi, shi ya ja Kifi gefe.

"Kai, kana da hankali kuwa? Jibi muna da wasa ka kawo mana shi? In ya ce mana Allah ya ba da sa'a fa?"

"Addu'a ba ta ciki, hasashe ne kawai matsalar."

"Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba."

Nan take Barkono ya naɗa kansa mai hidima. Ya kawo shayi da biskit ya tsaya a kafaɗar Kawu. Da zarar tsohon ya buɗe baki kamar zai ce wani abu game da wasan jibi, sai Barkono ya ce, "Baba, ƙara biskit," ya cusa masa a hannu.

Silifas ya fito, ya ajiye filas, ya gaishe da Kawu hannu biyu. Kawu ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne kocin?"

"Ni ne, Baba."

"Ina usur ɗinka?"

"Ba ma amfani da usur, Baba."

"To da me kake tsayar da su in sun yi ba daidai ba?"

"Ina jira su gama, sai mu yi magana."

Kawu ya ce, "Hmm," irin hmm ɗin da ba ka san inda ta dosa ba.

Aka fara atisaye. Kawu ya zauna a baya da kofinsa, yana kallon ƙananan halittu na ta guje-guje a allo. Can wani abu ya fashe, wuta ja da kore ta cika ko'ina, Kawu ya miƙe yana tafi. "Yauwa! Haka nake so!" Kifi ya juyo a hankali ya ce, "Baba, mu aka kashe. Dukkanmu." Kawu ya zauna ya ce ai ya sani, ƙarfafa musu gwiwa yake yi.

Da aka gama, Silifas ya mayar da hoton wasan baya, ya sa shi yana tafiya a hankali. Dokarsa ɗaya ce: kowa ya faɗi kuskuren kansa, ba na wani ba. Wannan ga 'yan Tartsatsi ya fi cire haƙori wuya, don sun saba ana tashi kowa ya nuna na kusa da shi.

"Barkono, kai fa?"

"Kuskurena shi ne na yarda da Kifi."

"Sake."

"Kuskurena shi ne na zaci ina wasa da masu ido."

"Sake."

Barkono ya kumbura, ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce da ƙyar kamar ana zare masa hanji, "Na shiga ni kaɗai ban jira kowa ba."

"Madalla. Sha ruwa." Ya tsiyaya masa daga filas.

Amma duk wannan ba shi Kawu ya zo gani ba. Shi yana da nasa ma'aunin, wanda ya auna surukansa da shi, ya auna duk wanda ya taɓa neman aiki a shagonsa: riƙon tsani. Ya ɗaga kai ya hango fankar sama a ɗakin cin abinci, lafiyarta ƙalau, ya ce tana da ciwo a ciki wanda sai gwani ke ji. Aka kawo tsani. Ya ce, "Koci, zo ka riƙe mini."

Ya hau, ya yi ta kwance noti yana mayarwa, yana leƙen ƙasa ta gefen ido. Silifas ya riƙe tsanin hannu biyu, ya taka matakin ƙasa da ƙafa ɗaya. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, bai duba ba. Ta sake yi, bai duba ba. Kawu da gangan ya ɗan girgiza, hannun mutumin ya ƙara damƙewa. Da gangan ya saki noti, Silifas bai saki tsani ya bi shi ba, sai ya ce, "Barkono, ɗauko wa Baba." Kawu ya sauko fuskarsa na walƙiya.

Silifas, wanda shi kaɗai a ɗakin bai san labari ba, ya yi murmushi ya ce, "To Baba, ka gan mu. Ya kake ganin wasanmu na jibi?"

Wani ya rufe ido. Wani ya toshe kunne da abin ji duk da a kashe yake. Kawu ya ja numfashi, ya ɗaga yatsa, Barkono ya yi tsalle da faranti, Kifi ya kamo hannun ubansa. "Baba, Mama na kira, wai tukunya na ƙonewa." Suka fito da shi a tsakiya kamar ana fitar da mai laifi daga kotu, aljihunsa cike da biskit.

A gida Mama Tela ta jira Kifi ya fita, ta tare mijinta a falo da tef ɗin awo a wuya.

"Malam, ya ka ga mutumin?"

"Tela, yaron nan ɗan albarka ne. Zai gyara su. Na rantse zai kai su inda ba su zata ba."

Almakashin ya faɗi daga hannunta. Ta zauna a kan tulin yadi. Can ta ce, "Malam, in yaron nan ya tambaye ka, ka ce kocin ba shi da amfani."

"Don me?"

"Don... don kada kan kocin ya kumbura."

Kawu ya zaro sukundireba daga bayan kunne, ya jujjuya ta, ya ce a hankali, "Don ya yi akasin abin da na ce ya zauna a gida. Ko ba haka ba?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Kin zaci makaho ne ni? Duk shekarun nan ina ce miki rana za ta buɗe ina kallonki kina kwashe shanya. Yadin da na zaɓa ban taɓa ganin sa a jikin kowa ba. Da babbar 'yarmu za ta haihu na ce namiji ne, a gabana kika yanka rigar mace."

"To me ya sa ba ka taɓa magana ba?"

"Gida na tafiya daidai, me zan ce? Kuma ni har yanzu ban yarda kuskure nake yi ba. Duniya ce ba ta bin tsari."

Ta yi dariya har da hawaye, sannan hawayen suka ci gaba bayan dariyar ta tsaya. Kawu ya matso da kujera.

"Ga abin da ya dame ni tun a hanya. In gaskiyarku ce, duk abin da na gani a juye yake, to kocin nan da ya kwanta mini a rai ba zai tsinana komai ba. In na yi ƙarya na riƙe yaron a nan, na ɗaure shi a jikin mataccen abu ke nan. In kuma gaskiyata ce, kocin na kirki ne, na faɗa masa gaskiya ya gudu ya bar alheri. Ta ina zan ɓullo?"

Mama Tela ta share ido. "Tsaya. Abin da ake juyawa, na bakinka ne ko na zuciyarka? In na baki ne, kana cewa ba shi da amfani, sai ya zama mai amfani. Mun ci riba biyu."

Wannan tambaya ba wanda ya taɓa yin ta, don Kawu bai taɓa faɗin abin da ba ya zuciyarsa ba. Suka yanke shawarar gwaji. Maƙwabcinsa mai katifa yana da wata tsohuwar mota da yake kai kaya da ita, wadda tashinta kowace safiya sai an yi shawara da ita. Da gari ya waye suka tsaya a ƙofar shago. Kawu ya dubi motar, ya ji a ransa sarai yau ba za ta tashi ba. Mama Tela ta zungure shi. Ya ɗaga murya, "Maƙwabci, yau kam bugu ɗaya za ta tashi!"

Mai katifa ya dafe kai. "Haba Mai Fanka, me na yi maka? Katifa uku zan kai!"

Ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi. Mama Tela ta damƙe hannun mijinta. Motar ta ja jiki ta tafi, ta kai ƙarshen layi, ta yi wata irin ajiyar zuciya ta mutu a tsakiyar hanya, katifun suka zame ta baya ɗaya bayan ɗaya.

"Ta tashi," in ji Kawu.

"Ta mutu," in ji Mama Tela.

"Amma ai ta tashi."

"To wanne aka juya, bakin ko zuciyar?"

Suka tsaya suna kallon mai katifa yana turi yana waiwayen Kawu. Ba su ƙaru da komai ba sai gabar maƙwabci.

Ranar ƙarshe ta zo. Da la'asar Kifi ya shigo shago, wayarsa a hannu, saƙon mutanen nesa a buɗe yana jiran eh ko a'a. Mama Tela ta biyo shi wai ta kawo wa Malam ruwa, ta tsaya a bayansa tana yi wa mijin alama da ido, da gira, da leɓe, har da kofin.

"Baba, ba ka faɗa mini ba. Ya ka ga kocin?"

Kawu ya ajiye fankar da ke cinyarsa. "Kocin nan," ya ce, ya dubi matarsa. "Kocin nan ba shi da..." Ya yi tari. "Ba shi da..." Gumi ya karyo masa. "Ba shi da usur."

"Baba, wannan na sani."

Tsohon ya goge hannu da tsumma ya ce, "Zauna. Kocin nan ya burge ni. Mutum ne da in ya riƙe ka ba ya saki. Ina ganin zai gyara ku, kuma da son raina ne, ka zauna. Wannan ita ce gaskiyata. Na kuma san abin da kuke yi da gaskiyata a gidan nan, tun kana rarrafe na sani. Saboda haka je ka haɗa jakarka. Uwarka ta ce in yi maka ƙarya don ka zauna, ni ma na so, amma ba zan riƙe ka da dabara ba. In za ka tafi, ka tafi da sanin abin da ubanka ya gani."

Mama Tela ta ajiye kofin a kan wata fanka, ta juya baya.

Kifi ya kafa wa ubansa idon nan nasa da ba ya ƙyaftawa. Sannan ya sunkuya ya danna wayar, ya mayar aljihu.

"Na ce musu na gode, ba zan zo ba."

"Ka ce me?"

"Na zauna, Baba. Ni ma mutumin ya kwanta mini, tsoro nake ji a ce ni kaɗai ne. Kuma tun da aka haife ni ban taɓa ganin an yi abin da ka ce ba, ko sau ɗaya. Bari a gwada."

Ka zaci Kawu zai yi murna? Miƙewa ya yi har gwangwanin noti ya kife.

"Kai! Kana hauka ne? Maganata za ka bi? Ni? Tela, kina ji? Yaron nan zai hallaka kansa! Kira su, ka ce yatsanka ne ya zame!"

"Ai kai ka ce duniya ce ba ta bin tsari," in ji Mama Tela, tana dariya tana kuka, ba ta san wanne za ta riƙe ba.

"Wannan a kan ruwan sama ne da yadi! Wannan ɗana ne! Na janye! Kowa ya shaida na janye!"

Mama Tela ta ce, "In ka janye, janyewar ma juyawa za ta yi?"

"Ban sani ba! Ku daina tambayata!"

Kifi ya durƙusa yana tsince notin ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a gwangwani, kafaɗunsa na rawa. Kawu ya tsaya a kansa yana ta faɗa, hannunsa ɗaya kuma a kan yaron, ya ƙi ɗaukewa.

Tun daga ranar Kawu ya kulle bakinsa a kan duk abin da bai riga ya faru ba. Ka tambaye shi ko za a yi ruwa, ya ce ka dubi sama da kanka. Ka tambaye shi yaushe za ka dawo karɓar fanka, ya ɗaga kafaɗa. Matan layi sun shiga uku, shanya na jiƙewa ba gargaɗi, Mama Tela ta sayi wani yadi ruwan ƙasa da har yau ba wadda ta taya. Ranar wasan Tartsatsi kuwa rufe shago yake yi ya zauna a ciki, ya kunna fankoki duka don kada ya ji ihun masu kallo, kada wata magana ta kuɓuce masa.

Su kuma Tartsatsi, sun ci wasan farko. Na biyu aka rushe musu gida tun kafin masu kallo su gama zama. Na uku suka ci da ƙyar, Barkono ya fito gaban jama'a ya ce kuskuren da aka yi nasa ne, har uwarsa ta kira ta tambaya ko ba shi da lafiya. Layinmu ya rabu biyu. Mai wanki ya ce kocin gwani ne, Mai Fanka ya faɗi daidai karon farko a rayuwarsa. Mai katifa, wanda bai huce ba, ya ce a jira, ai motarsa ma ta tashi. Kifi dai yana nan, kullum da yamma yana shigowa gida ya buɗe firij ya rufe, uwarsa na yi masa faɗa cikin jin daɗi.

To kai da ka zauna ka ji, ga tambaya. Da kai ne Kifi, waya a hannunka, tsohon da bai taɓa faɗa daidai ba ya dube ka ya gaya maka gaskiyar zuciyarsa, jaka za ka haɗa ko zama za ka yi?